Kan da ya gaji da jiran Mai Aski

Tun yana saurayi Mai Aski ke tsaye a bayan kujera ɗaya, a shagon da bai fi ɗakin kaji ba. Mutum ne mai surutu kamar an kunna rediyo, ya aske ka, ya zage ka, ka tafi kana dariya. Rasuwar matarsa ce ta fara rage masa baki. Faɗuwar da ya yi a banɗaki, ƙugu ya karye, ita ta ƙarasa shi.

Aikin da aka yi masa a asibiti dai ya yi kyau. Amma mai gashin ƙashi ta gaya wa 'yarsa gaskiya: "Ƙafar Baba lafiyarta ƙalau, zuciyarsa ce ta kwanta. Wannan ma ciwo ne, yana da magani. In bai riƙa takawa ba, ƙafar za ta sandare."

Ina! Abinci sai an yi lallashi. A kai shi gaban ƙarafunan koyon tafiya, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Mutum ɗaya ke iya tayar da shi, wani tsohon direba, abokinsa, wanda ya rantse babu mai taɓa masa kai sai Mai Aski ya warke. Yakan shigo ya tuɓe hula, furfura ta yi buzu-buzu.

"Dube ni, malalaci! Jikokina gudu na suke yi."

"Dama can ba kyau gare ka ba," in ji Mai Aski. Sai ya kama ƙarfe, ya ja ƙafa, yana haki.

Watanni suka yi ta shuɗewa, tafiyar ba ta wuce bakin ƙofa ba. Ran nan direba ya zo, ya zauna nesa, hula har kunne. Zafi ya ishe shi, ya manta, ya cire ta. Kai tal, har yana ƙyalli.

"Ƙaiƙayi ne, wallahi. Yaran ne suka matsa mini."

Mai Aski ya ce ya matso. Ya shafa ƙeyar, ya duba bayan kunne, yana neman kuskure ko ɗaya. Bai samu ba. Kaico, da ma ya samu!

"Wanda ya yi ya iya," ya ce.

Mai gashin ƙashi ta turo abin dogarawa. "Baba, bismillah, mu taka."

Ya gyara bargo a gwiwarsa, ya dube ta. "'Yata, kai wa wani. Ni babu mai jirana."