Famfon da Inna Ta Toshe

Tun ina ƙarama aka san ni da ƙafar yawo. A gidanmu na unguwar Ranuna a Madina, idan aka aike ni sayen burodi sai an bi sahuna, don ina iya zarcewa har gonakin dabino na wajen Ƙuba ina leƙen katangun mutane. Da na girma na zama malamar makaranta, Allah ya haɗa ni da miji mai irin halina. Da zarar an ba da dogon hutu, lokacin da zafin Madina ke korar kowa cikin ɗaki, mu mun ɗaure kaya. Da Ɗa'ifa da Abha muka fara, daga baya muka riƙa tsallaka teku. Ba sayayya ke kai ni ba. Ina dai son in farka a garin da ban san inda ake sayar da burodi ba, in fita in nemo shi da kaina.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa ganin hikimar wannan ba. Kakanta ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya kafin ya iso Madina, kuma a ganinta tafiyar zuriyarmu ta ƙare ke nan. Ban da Makka ba inda take zuwa. Tsoronta ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi: kada ajali ya riske ta a wani gari, ta rasa kwanciya a maƙabartar Baƙi'a. Duk sanda na je yi mata sallama sai ta ce, "Mutane na sayar da gonakinsu don su zo nan, ke kina neman hanyar barin nan. Allah ya shirye ki, ya binti, 'yata."

Da mahaifinmu ya rasu, Inna ta saura ita kaɗai a gidan. Yayana da ke zaune a unguwar Sultana ya yi juyin duniya ta koma wurinsa, ta ce ba za ta iya da ƙarar motoci da hawan bene ba. Ni kuwa ba zan iya tafiya in bar ta ita kaɗai ba, sai na ajiye akwati. Hutu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ina zaune ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ina faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana ina tsince mata shinkafa, ta dube ni ta ce, "Wannan fuskar taki ta ishe ni. Zan bi ki sau ɗaya in ga abin da ke cin ranki. In na ga banza ne, halas, shi ke nan, ki zauna, kada in ƙara jin zancen tafiya."

Na amsa da sauri kafin ta sake shawara. Na san sarai abin da na sa hannu a kai: in tafiyar ba ta yi mata ba, yawona ya ƙare muddin tana raye, ni kuma ba na fatan abin da zai gajarta mata rai.

Ita ta shirya kayanta da kanta. A can ƙasan akwatin ta shimfiɗa likkafaninta da aka wanke da zamzam, ta ɗora masa dabino, da kuka, da yaji, da fulas ɗin shayi, da darduma. Da na ga likkafanin na buɗe baki zan yi magana, ta harare ni, na rufe.

Ƙasar Ostiriya da ke Turai muka nufa, wani ƙauye a bakin tabki tsakanin duwatsu masu farar ƙanƙara a ka ko da rani. Maigidana ya kama mana ƙasan wani gidan katako, mai gidan wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana zaune a sama. Na yi ta yawo a duniya, amma ban taɓa ganin kore irin na wurin nan ba. Ciyawa har bakin ƙofa, shanu da ƙararrawa a wuya, ruwan tabkin kuma garai-garai har kana ganin tsakuwar ƙasansa. Na juya in ga fuskar Inna, na tarar ta shige ɗaki ta ja labule, tana tambayar maigidana alƙibla.

Haka aka yi kwanaki. Ta ce sanyi ya shiga ƙashinta. Ta ce wace irin ƙasa ce rana ba ta san lokacin faɗuwa ba, mutum ya yi ta gyangyaɗi yana jiran isha. Ni da maigidana muka riƙa fita bi da bi don kada a bar ta ita kaɗai. Na shiga jirgin ruwa na zaga tabkin, na hau dutse a cikin akwatin nan mai tafiya a kan igiya irin na Ɗa'ifa, amma ko'ina na duba fuskar Inna nake gani bayan labule. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara gaya wa kaina wannan ce tafiyata ta ƙarshe, gara in buɗe ido in kalla da kyau.

Abu ɗaya ne a ƙauyen ya ja hankalinta, shi ma don ya dame ta ne. A gaban gidan akwai wani kwami da aka fafe daga gungumen itace, da bututun ƙarfe a kansa, ruwa na zuba ciki dare da rana, ya cika ya malala ya bi wata 'yar kwata. Tun ranar da muka sauka ta ce, "Je ki rufe wa mutane famfonsu, wani ya manta." Na je na duba, na dawo na ce mata ba shi da marfi, haka aka yi shi. Ta ce ban dai duba da kyau ba. Ta tura maigidana, ya dawo da amsa ɗaya. Ta ce, "Ku biyu da karatunku, famfo ya gagare ku."

Sai wanda ya san Inna zai gane nauyin wannan a wurinta. Mahaifinta ɗan garuwa ne a Madinar da, kafin a ja famfo cikin gidaje. Da sanda a kafaɗa da garwa biyu ya ciyar da su, yana hawa benayen mutane, har kafaɗarsa ta yi kanta. A gidanmu ruwan wankin shinkafa na shuka ne, ruwan alwala ana tare shi a roba a yayyafa wa tsakar gida. Na sha ranƙwashi ina yarinya saboda na bar famfo yana ɗiga. To ga mace irin wannan an kawo ta an ajiye a gaban bututun da ke zubar da ruwa ba fashi, tana jin ƙararsa har cikin sallarta.

Wata safiya na farka na ji wani shiru da ban saba ba. Na fito falo na tarar da labule a buɗe, Inna zaune da kofin shayi, fuska a sake. Ta ce, "Na gaji da jiran mai hankali, na yi da kaina." Bayan asuba ta fita, ta yage gefen tsohon mayafinta, ta cusa cikin bututun da bayan cokali, ta rufa leda, ta ɗaure da roba, kamar yadda take yi wa famfon gida kafin mai gyara ya zo.

Ban gama salati ba na ji muryar mai gidan a waje. Ruwan da aka hana hanya ya samu wata mahaɗar bututu can sama ya ɓalle, ya bi ta cikin lambunta, ya kwashe 'yan shukokin latas, ya jiƙa itacen hura wuta da ta jera. Ta fito da dogon takalmin roba tana bin ɓarnar har ta iso kwamin. Ta ga ɗaurin, ta tsaya, ta kwance robar, ta ja tsumman, ruwa ya yi tsartuwa ya wanke mata gaban riga. Ta ɗaga tsumman tana juyawa, ga shi da adon furanni irin na mayafin da ke kan Inna. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ko a jikinta. Ta fito bakin ƙofa ta dubi maigidana ta ce, "Faɗa mata haram ne. Ni'imar Allah ce take zubarwa. Faɗa mata duka, kada ka rage mini magana." Ya fara da Turanci, yana ba da haƙuri, yana sassautawa. Inna ta ce, "Maganata ta fi haka tsawo." Dariya ta kusa kuɓuce masa, sai ya gaya wa matar gaskiya, har da labarin ɗan garuwa da kafaɗarsa.

Matar ta share rigarta. Sannan ta yi bayani a hankali, maigidana na mayar wa Inna da Hausa. Ta ce ruwan daga cikin dutse yake fitowa, surukinta ne ya jawo shi da bututu don shanu da masu wucewa. Ko an tare shi, ko an bar shi, tabki za shi. Ba wanda ya buɗe shi, ba kuma wanda zai iya rufewa.

Inna ta ce, "Ruwan da ba mai shi? Sai na gani da idona."

Ta sa rigar sanyi biyu da safar maigidana, mai gidan ta ba ta sanda, ita ma ta riƙe ɗaya, muka kama hanyar da ta bi bayan gidan ta hau. Tsofaffin biyu na gaba, kowace na magana da harshenta, suna gyaɗa wa juna kai kamar sun fahimci juna. Inna na hawa tana hutawa, ni ina bayanta ina tuna abin da ke ƙasan akwatinta. Na ce mu koma haka nan, ta ce in rufa mata baki.

Idon ruwan bai fi faɗin faranti ba. Daga ƙarƙashin wani dutse mai gansakuka yake ɓulɓulowa, ba hayaniya. Inna ta durƙusa da ƙyar, ta laluba gefen dutsen da hannu, ina jin marfin take nema har a lokacin. Ta kamfata ta sha, ta runtse ido don sanyinsa ya kama mata haƙori. Da ta miƙe ta juya, sai ga tabkin gaba ɗaya shimfiɗe a ƙasanmu, da jiragen ruwa ƙanana a kai, da inuwar duwatsu a ciki. Ranar ta fara ganinsa.

Ta tsaya tana kallonsa. Can ta tambaye ni, "Duk wancan daga nan yake?"

Na ce, "Daga nan da wasu irinsa masu yawa, Inna."

"Ba mai ɗauka a kafaɗa?"

"Babu."

Ta ce, "Wayyo Baba. Da ka ga wannan." Hawaye ya zubo mata, ni ma nawa ya biyo. Ta naɗe hannun riga ta yi alwala a wurin duk da sanyin, kuma karon farko a rayuwata na ga ta wanke fuska ba ta tara ruwan a komai ba.

Sauran kwanakin sun yi daɗi. Ta shiga jirgin ruwa ta zauna a gaba, tana tsoma yatsa in an tsaya. Akwatin igiya kam ta ce ita ba wanki ba ce da za a shanya ta. Ranar da aka yi ruwan sama, Turawa suka watse suna neman mafaka, mu kuma muka shimfiɗa darduma ƙarƙashin wata bishiya da shayi da dabino, don ɗan Madina ba ya ganin hadari ya zauna a ɗaki. Ta taya mai gidan sake dasa latas ɗin, ta juye mata sauran dabinon, ita kuma ta ba ta cuku mai warin da Inna ta ce sai dai a kai wa maƙwabta.

Da jirginmu ya sauka Madina ta yi hamdala da ƙarfi har na kusa da mu suka juyo. Ta mayar da likkafanin cikin kabad, ta je Harami, ta koma zamanta, ba ta ce mini uffan a kan tafiyar ba, ni kuma ban isa in tambaya ba. Sai da hutu ya sake matsowa, muna zaune a tsakar gida tana yayyafa ruwan roba, ta ce, "Ni ba zan koma ba." Na ɗauka yawona ya ƙare ke nan. Ta ci gaba, "Na gani, ya ishe ni. A nan zan jira ranata. Amma na yi magana da yayanki, zan zauna wurinsa in kun tafi, ƙarar motocin ba za ta kashe ni ba. Ke ki je yawonki. Ki biya ki duba mini famfon nan."

Tun daga lokacin mun ga wasu ƙasashe da wasu tabkuna, amma duk inda muka nufa sai mun ratsa ta ƙauyen. Ina isa nake kiran wayar yayana ya miƙa mata. Ba ta tambayar hanya, ba ta tambayar sanyi. Cewa take, "Yana zuba?" In ce yana zuba. Sai ta ce, "To yi shiru, matsar da wayar kusa in ji."