Koren Dutsen Gonar Kambaza

Mun tashi da asuba daga Yawuri, ni da abokina mai cinikin duwatsu masu daraja. Wani direba a Kalgo ne ya turo masa hoton koren dutse, wai kawunsa ya tono a gona. Masu tara irin waɗannan duwatsu ba sa saye sai an tabbatar musu daga inda dutse ya fito, shi ya sa muka ɗauki hanya.

A Kalgo muka karya da masa da miyar taushe. Mai masar ta ji Hausar abokina ta Jos, nan take farashi ya yi tsalle. Direban ya shigo motarmu, muka bi ta Birnin Kabi zuwa Gwandu. Gonaki duk an share, ana jiran ruwan shuka.

A wani ƙauye kusa da Kambaza muka tarar da dattijon, kawun direban, jama'a sun kewaye shi. Har ya sa shanun nomansa biyu a kasuwa don ya ɗauki masu haƙa.

Abokina ya sa madubinsa, ya daɗe yana juya dutsen. Ya ce zumurrudu ne na gaske. Amma 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa irin na Gwantu ne, can kudancin Kaduna. Muka zaga gonar, yashi ne da jar ƙasa, babu alamar dutsen da ke haifar da shi.

Abokina ya ce, "Baba, akwai wanda ya taɓa zuwa haƙar ma'adinai a gidan nan?"

Dattijon ya ce, "Ƙanena. Bukka tai nan take, wurin ga da nit tono shi. Ciwon ƙirji ya komo da shi gida, bai yi wata ba ya rasu."

Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya yi tayi mai kyau, dattijon ya girgiza kai, ya ƙulle dutsen a bakin rawaninsa. Ya aika a dawo da shanun, sannan ya sa aka dama mana fura da nono mai kauri.

Mun iso gida bayan la'asar, hannu wayam. Na koyi cewa faɗa wa mutum gaskiyar da za ta rushe burinsa ba ƙaramin aiki ba ne. A hanya, da muka wuce Jega, abokina ya ce, "Gara ya yi shuka."