Kunnen Hagun Yaya Sale

Ina zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gidana a Rano, bayan la'asar, waya ta yi ƙara. Musa ne, babban ɗan yayana. Ya ce, "Baba Audu, sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati, na tsayar da mai babur, muka kama hanyar Rurum Tsohon Gari. Yau shekara bakwai ke nan. A hanya ina ta tunanin mutumin da ya kwashe shekara arba'in yana sanar da gari labari da ƙarar da ake ji har bayan duwatsu, ga shi nasa labarin ya iso mini a murya ƙasa-ƙasa.

Yaya Sale manomi ne, amma da bindigar toka aka san shi. Guda biyu gare shi, doguwa da gajeruwa, duk gadon mahaifinmu. Ban taɓa ganin ya sa musu harsashi ba, albarushi ne da tsumma kawai. Idan an ga watan azumi ko na Sallah, shi ne mai bugawa. Idan alhaji ya dawo, shi ne. Idan masara ta fara nuna, birai suka sauko daga duwatsu, maƙwabta ma kiransa suke yi ya buga musu sau biyu. Ƙarar ita ce aikin gaba ɗaya.

Jama'a sun ɗauka doguwar ta fi amo. Shi kuwa cewa yake yi doguwa tana kai muryarta nesa ne, gajeruwa kuwa a kunnen wanda ke kusa take juye tata. Ta wajen kula kuma bai bambanta su ba. Duk ranar da ya buga, sai ya wanke cikinsu da ruwan zafi, ya shanya, ya bi su da man gyaɗa da gashin kaza. Da damina ko bai buga ba, duk Juma'a sai ya ciro su ya duba tsatsa. Matarsa, Yaya Kande, takan ce da an raba mata rabin kulawar nan da ta fi kowa ƙiba a unguwa.

Duk wanda ya san shi ya san kunnensa na hagu ba ya ji. In an tambaya sai ya ce ladan sana'a ne. Ba haka ba ne, kuma mu biyu kaɗai muka sani. Ina da shekara ashirin lokacin. Ranar jajiberin ƙaramar Sallah, da magariba aka ga wata, ni kuma ina so in riga shi bugawa a gaban abokaina. Na fizgi gajeruwar na ɗana ta, sai ta tashi daidai lokacin da ya sunkuyo zai karɓe ta. Ya durƙusa ya dafe kunne. Da mahaifinmu ya fito yana faɗa, Yaya Sale ya ce, "Ni na cika mata albarushi, Baba." Daga ranar bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na fake da wannan karin maganar shekara da shekaru.

Bayan haka na shiga aikin ɗamara, na yi yawon garuruwa. A can na ga bindigogin zamani, har da waɗanda ake ɗaura wa wani bututun ƙarfe a baki don rage ƙara, irin aikin salansar babur. Da na zo hutu na zauna ta damansa ina ba shi labari da ƙarfi, don a lokacin na daman ma ya fara nauyi. Na gaya masa ba shiru take yi ɗungum ba kamar yadda ake nunawa a fim. Ƙaramar bindiga takan yi laushi sosai, babbar kuwa ko an ɗaura mata tana nan da amonta, sai dai ba ta fasa kunne kamar da.

Ya ce, "To hayaƙin fa, ina yake zuwa?"

Na ce, "Wani ya fita, wani ya koma ciki. Shi ya sa suke saurin yin dauɗa. Ƙaramar ta fi tara baƙin hayaƙi, babbar kuma ta fi ɗaukar zafi. Wankinsu ya ninka na sauran."

Ya yi dariya har yana buga cinya. "Ashe su ma kamar mutane ne. Wanda ya haɗiye magana, cikinsa ne ke shan wahala." Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma Audu, bindigar da ba ta son a ji ta, me za ta yi mini? Biri zai gudu? Ko da raɗa zan gaya wa gari an ga wata?"

Na so in ce masa da irin wannan bututun na bakin gajeruwar a waccan magaribar, da yanzu ba ihu nake yi masa ba. Maimakon haka na taya shi dariya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Labarin wata yanzu a waya yake zuwa, kafin liman ya sallame kowa ya ji. A zamaninsa in aka ji bindiga, mata guɗa suke yi, mutane su nufi inda ƙarar ta fito. Yanzu in aka ji, ko'ina ne a ƙasar nan, sai kowa ya fara ƙirga 'ya'yansa. Ina jin wannan zai fi yi masa ciwo a kan kurumcewar. Bindigoginsa biyu kuwa, bayan sadakar arba'in Musa ya kai su wajen dagaci aka miƙa wa hukuma. Ban hana ba, daidai ya yi. Birai dai suna nan, sai dai da gwangwani da majajjawa ake fama da su.

Daminarsa ta ƙarshe na same shi a gona, mu biyu kawai, a gindin ɗorawa. A gida ba na iya yi masa maganar, don sai na ɗaga murya, kuma duk gidan zai ji. A nan babu kowa, ba ni da sauran hujja. Amma da na zo zama, ƙafata ta kai ni hagunsa. Na ce, "Yaya, ni na kashe maka kunnen nan. Ka yafe mini."

Ya ga bakina na motsi, ya juyo da na daman. "Me ka ce?"

Na ce, "Cewa na yi hadari ya haɗo."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take, ko ɗigon gajimare babu. Ya dube ni ya ɗan jima, sannan ya ce, "Audu, kai ma idonka ya fara tafiya." Ya miƙo mini goro. Na ce a raina sai wani zuwan. Yana karanta ajami, da na rubuta masa ma ya isa, wannan ma ban yi ba.

Abin da ya rage nasa ba ƙarar ba ce, ita ta tafi tare da shi. Musa ya gaji hannunsa, fartanya ma ba ya ajiye ta sai ya goge. Tsofaffin Rurum har yau in an ga wata sukan ce Allah ya jiƙan Sale. Ni kuma ya bar mini sanin cewa ana iya rufa wa ƙane asiri shekara arba'in ba tare da an taɓa yi masa gori ba. Na kai maganar gaban wani malami a Kibiya, ya ce wanda ya ɗauki laifinka a gaban mahaifi tun ranar ya yafe, in yawaita yi masa addu'a da sadaka. Ina yi, kuma ina roƙon mai karatu ya sa shi a tasa addu'ar. Allah ya haskaka kabarinsa.

Ya yiwu malam ya yi gaskiya. Amma neman gafarar nawa ne, kuma ban faɗe shi ta kunnen dama ba.