Tankar Badamagare Da Ta Ƙi Mutuwa

Mu biyar ne, kowa da gemunsa, kowa da iyali, amma duk ranar Lahadi bayan la'asar sai ka tarar da mu tsugune a bayan shagona da ke unguwar Derrière la Prison a birnin Libreville muna yaƙi da tankokin wasa. Yi dariyarka, ba kai ne farau ba, matata ta riga ka.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin. A shekarar da aka karya darajar sefa Turawa da dama sun tattara nasu ya nasu sun koma gida, kuma wani da nake yi wa gyara a unguwar Plaine Orety ya bar mini wani kwali da ya ce ba zai iya dako ba. Da na buɗe sai ga tankokin yaƙi guda uku, kowace ba ta fi kwalin takalmi ba, da ɗan akwatin da ake sarrafa ta daga nesa. A bakin bindigar kowace akwai ɗan ƙwai mai fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. A saman kanta kuma akwai wani ɗan baƙin gilashi da muke kira ido. In hasken wata ya dace da idon wata, sai wadda aka harba ta girgiza, jar fitilarta ta kama. Harbi biyar, ta tsaya cak, ta mutu ke nan sai an kashe an sake kunnawa.

Da niyyar sayarwa na karɓa, amma wa ke ta kayan wasa a shekarar da shinkafa ta gagari mutane? Na ce bari in gwada ɗaya in ga ko tana aiki. Tela maƙwabcina ya leƙo, mahaucin bakin layi ya leƙo, shi ke nan muka lalace. Muka jera bulo da gwangwanayen tumatir a ƙarƙashin mangwaro, ya zama filin daga.

Na huɗunmu direban taksi ne, Badamagare, abokina na ƙut da ƙut, ni kuwa Bakano ne. Wanda bai san tsakanin Kano da Damagaram ba, in ya ji mu zai rantse yau sai an zub da jini. Ba ya kirana sai da “bawana”, ni kuma in ce masa “ɗan gudun yaƙi”. Ya ce kakanninsa sun zo har ƙofar Kano da igwa, in ce sun zo dai, ya suka koma? Wasa ne da muka gada, ba a fushi a cikinsa. Na biyar shi ne Alhaji mai shagon atamfa, dattijonmu, Bamaraɗe. Shi ba ya taɓa akwatin sarrafawa, kujera yake jawowa ya zama alƙali. Shi ya sauki Badamagaren a ɗakinsa lokacin da ya zo Libreville ba shi da kowa, shi ya tsaya masa har aka ba shi mota, shi kuma ya yi masa walicci ranar aurensa. Duk bakin abokina, a gaban Alhaji ba ya ɗaga murya, “Baba” yake ce masa.

Dokarmu ɗaya ce. Kafin a fara, kowa ya miƙa tankarsa Alhaji ya goge mata ido da hankicinsa. An kafa ta ne tun ranar da tela ya liƙa wa tasa guntun baƙin yadi, ya yi ta kashe mu yana ƙyaƙyata dariya har muka gano.

Tankoki uku, 'yan wasa huɗu, kullum wani na jiran layi, Badamagaren kuwa ba shi da haƙurin jira. Ya dame ni in samo masa tasa. Irin na Baturen sun wuce aljihunmu, amma wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya ta Kwatano ya kawo mini wata mai araha, ta wani kamfani daban. Girma ɗaya, bindiga ɗaya, ido a wuri ɗaya, koren dai ya ɗan fi haske. Na sa mata batir, na saita ta a kan tawa, na danna, tawa ta girgiza. Na ce masa, “Lafiya lau take, bawan Kanawa, ɗauki abarka.” Ban juya na harbe ta da tawa ba. Ko a raina bai zo ba.

Lahadin farko ya kashe mu duka, tasa ko gezau. Muka ce sa'ar sabon shiga ce. Ta biyu ma haka. Yana tuƙa ta kamar yadda yake tuƙa taksi, ya kutsa nan ya ɓulla can, don haka muka ɗauka kuskurensa muke yi. Shi kuma bakinsa bai huta ba, wai layar kakansa ya ɗaura mata, wai Kanawa sun saba gudu in sun ji igwa.

A tsakanin nan gari ya ɗauki zafi. An ba baƙin da ba su da karti sejur, wato takardar izinin zama, wa'adin su gyara ko su bar ƙasar. Ana tare motoci ana duba takardu. Ni tawa ta ƙare, na kwashe kwana uku ina bin layi a rana don sabuntawa, shago a rufe. Abokina kuwa ba shi da ita sam, kuma ba shi da hanyar samu. Kullum da safe in ya fita da mota bai san ko zai dawo da ita ba. Sai daga baya na yi tunanin cewa a duk makon nan, ƙarƙashin mangwaron ne kaɗai wurin da mutumin nan yake cin nasara a kan wani abu. A lokacin ban ga haka ba. Ni dai na ga raina a ɓace, ga wani yana yi mini dariya.

Lahadi ta uku, tankarsa ta maƙale tsakanin bulo biyu. Na matso da tawa har bindigata ta kusa taɓa idonta. Na danna, na danna, na fi sau goma. Ko motsi. Shi kuma ya juyo da bindiga ya kashe ni a wurin.

Na miƙe na ce, “Ka yanke wayar idon nan.”

Ya yi dariya. “Bawana, kuka za ka yi? A miƙo masa hankicin Baba.”

“Malam, ba wasa nake yi ba. Macuci ne kai.”

Tunda muke ban taɓa ce masa Malam ba. Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce, “Wallahi tallahi ban taɓa cikinta ba. Ga ta nan, kai ne mai gyara, buɗe ka gani.”

Kayan aikina na nan taku biyar daga inda nake tsaye. Amma baƙar zuciya ta hana ni. Na ce wanda ya iya tada mota ba makulli ba zai gagara ɓoye yanka a waya ba, kuma ba zan ɓata lokacina ba. Mutum ya rantse da Allah a gabana, na ture rantsuwar da hannu kamar ƙuda. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Alhaji ya ce, “Ya isa haka.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, yana kallon ƙasa. Abokina ya tsaya kamar yana jiran ƙari. Da bai zo ba, ya ajiye akwatin a kan bulo, ya zura takalminsa ya fita. Tankar ta kwana a wurin, da safe na jefa ta kan kanta a shago.

Magana ba ta zama wuri ɗaya a unguwarmu. Mahauci ya faɗa a teburinsa yana raha, daga nan ta kai ƙofar masallaci, kuma kafin ta kai ta sauya kama: wai Badamagaren ko a wasa cuta yake yi. A wani lokaci da an yi dariya an manta. Amma lokacin tafiya ne. Al'adarmu a can, duk mai komawa gida jakadan kowa ne. A loda masa wasiƙu, da kaset ɗin da mutum ya naɗi muryarsa don tsohuwarsa ta ji, da turmin atamfa, da maganin ciwon ƙafa. Zuwan abokina gida na baya, jakar saƙon mutane ta fi tasa girma, yana ta mita yana jin daɗi. Wannan karon da aka ji ya yanki tikitin jirgin ruwa, babu wanda ya taka ƙofarsa. Matata ce ta ji a wurin mata, ta zo ta faɗa mini, ta ƙara da cewa, “Maigida, a kan motar roba?” Na daka mata tsawa, don na san tana da gaskiya.

Tela da mahauci suka bi jirgin farko. Alhaji takardunsa lafiya, amma ya ce ya tsufa da nuna takarda a kan titi, ya bar wa ƙaninsa shago ya bi ta Kamaru.

Kwana huɗu da tafiyar Alhaji, wata mata ta kawo rimot wai ya daina aiki. Na sauya batir, na danna don gwaji. Ɗaya daga cikin tankokin Bature, da na manta a kunne, ta girgiza a kan kanta. Na tsaya da rimot a hannu. Na kunna ta Badamagaren, na danna mata a ido, shiru. Na juya ta, sai ga ɗan jan fentin da kamfani ke ɗiga wa kan kusoshi yana nan yadda yake, babu wanda ya taɓa kwance su. Na ɗauko madubin da nake duba fuskar talabijin da shi in ina gyara ta baya, na ajiye a gabanta, na sa ta harbi kanta. Ta girgiza, jar fitila ta kama.

Innalillahi. Idonta lafiyarsa ƙalau. Na Baturen kowane haske suke amsawa, har na rimot. Ita kuwa an yi ta ne ta amsa wa 'yan'uwanta kawai, hasken namu ba ta san shi ba. Kuma wannan shi ne karatun da nake yi wa mutane kullum a shagon nan, cewa rimot ɗin wannan kamfani ba ya yi wa talabijin ɗin wancan. Da bakina nake faɗa, har da yi musu kallon marasa wayo. Ni na samo tankar, ni na gwada ta rabi na ce lafiya lau, ni kuma na kira shi macuci.

Na rufe shago da rana tsaka na hau taksi zuwa Nzeng-Ayong, unguwar da abokina yake zaune, tankar da madubin a cikin leda. Washegari jirginsu zai tashi. Na same shi zaune a kan tabarma, ɗakin an kwashe, jaka biyu a jingine, duka tasu ce shi da matarsa. Ya amsa sallama, ya matsa mini. Na zube kayan a ƙasa na nuna masa komai, tankar ta girgiza a gaban madubi. Na ce, “Ni na cuce ka. Ka yafe mini don girman Allah.”

Ya daɗe yana kallon jar fitilar. Sannan ya ce, “Ni ai na san ban yi ba, ba sai ka hau mota ka zo gaya mini ba. Na yafe maka. Tela da mahauci ma ban damu ba, su ji ko kada su ji.” Ya ɗago. “Baba fa?”

Na ce ya tafi.

“Na sani. Na je rakiya. Ya sa mini albarka, ya ce in riƙe gaskiya duk inda na je. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ce mini haka ba, don bai ga dalili ba.”

Na yi masa alkawarin Alhaji zai ji, daga bakina, dalla-dalla. Ya gyaɗa kai. Tankar ya ce in tafi da ita, babu wuri a jaka.

Ranar Juma'a bayan an idar na miƙe a masallaci na faɗa wa jama'a. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu ma sun manta da wace magana nake. Na zauna na naɗi kaset, fuska guda cur, ina yi wa Alhaji bayanin haske da ido da madubi kamar mai koyar da ɗalibi, ina maimaita cewa yaronsa bai yi ha'inci ba, ni ne na yi wauta. Samun wanda zai kai ya ɗauke ni wata biyu, don masu tafiya duk sun riga sun tafi.

Ƙanin Alhaji ne ya shigo shagona wata safiya, ya ajiye kaset ɗin a kan tebur, yana cikin ambulan ɗin da na liƙe da hannuna. Ya ce ɗan saƙon ya isa Maraɗi ya tarar ana zaman bakwai na rasuwar Alhaji.