Inno da Ƙudajen Ƙarya

Inno 'yar Sarkawa ce daga Yawuri, a cikin taru da ƙarnin kifi ta buɗe ido. Umara ce ta kawo ta Jidda, aka gama umara, ita ba ta koma ba. A unguwar Nuzla take kwana, da safe ta tafi aikatau gidan Abdulmohsen da matarsa Areej. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama. In gidan nan ya sallame ta, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

To, rannan tana sharar ɗakin maigidan sai ta ci karo da wani gwangwani. Tana buɗewa ta ja da baya. Ƙugiyoyi ne, kowace an naɗe ta da gashin tsuntsu da na dabba an ƙulle da zare, duk sun cukurkuɗe, ga wari. Inno ta tofar da yawu. Wannan ai sammu ne ƙiri-ƙiri, ga shi kuwa Areej ta kwana biyu tana fama da ciwon kai.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna bayan kicin da reza, tana karanta Falaƙi da Nasi, tana warware ƙulle-ƙullen tana kawar da fuska. A haka Abdulmohsen ya same ta. Ta ɗauka kashinta ya bushe, don a ƙasar nan a ga baƙuwa da kayan sammu a hannu, ai halas, tata ta ƙare.

Shi kuwa sai ya ɗauki ƙugiya guda yana dubawa. Ya ce ƙudajen ƙarya ne, da su yake fatsa in ya je hutu ƙasashen sanyi, wani kifi mai ɗigo-ɗigo na rafin duwatsu ke kai musu cafka. Waɗannan sun tsufa, dama ƙyuyar fige su ya ɗaura sabon gashi ce ta hana shi. Sai ta tambaye shi inda yake ƙyafe kifin. Ya ce ba ya ci, hoto yake ɗauka ya mayar da shi ruwa.

Inno ta ce, "Ya ammi," haka take kiran maigidan, "ka huda masa baki, ka ba shi gashi maimakon tana, sannan ka sake shi da yunwarsa?"

Ya yi dariya, ya ce hannunta ya fi nasa, daga yau figar ta zama tata.

Aiki dai bai kuɓuce mata ba. Har yau duk dawowarsa daga hutu gwangwani na jiran ta. Ta fige tana tsaki, ta wanke hannu har gwiwa da sabulu. Takan ce da sammun ne ma, da ta fi gane masa.