Gawon da Ya Tsaya Kan Layi

Shekarar da fari ya cinye mini dabbobi na bar ƙauyenmu na wajen Illela, na sauka Konni da mata da amalanken jaki. Na yi dakon ruwa, na yi dakon siminti idan motocin Malbaza sun sauke. Da aka yanka filaye a bakin gari, na samu guda. Wani ma'aikacin buro, wato ofishin gwamnati, ya karanta mini takardar, don ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Abu biyu na riƙe. Katanga ta bi layin turakun siminti da aka kafa, kada ta karkace ko da taki ɗaya. Kuma in damina biyu ta wuce ban kewaye ba, a karɓe fili a ba wani.

Na je na ga filina. Gawo ne tsaye a kan layin, ƙato, mutum biyu ba su rungume shi. Rabin gindinsa a nawa, rabi a titi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ranar awo rana ta yi zafi, mai awo ya zauna cikin mota, ya ba leburori igiya da turaku. Leburorin kuwa mutanen ƙauye ne irina. A wurinmu iyaka itace ce. Ba a cewa gona ta ƙare a fili fetal, sai a ce daga gawo zuwa aduwa. Suka ga gawo kusa, suka ja igiya ta bi ta kansa, suna ganin sun kyauta aiki. Shi kuma mai awo ya zana abin da ya tarar.

Na ɗauki gatari. Maƙwabcina, wani mahauci, ya leƙo ta kan zana.

"Kai baƙo, gidan kaso kaka marmari?"

"Itacena ne."

"Naka? To sara. Ni zan kai ma tuwo can, amma ba kullum ba."

Ya ce gawo na gwamnati ne ko a tsakar ɗakinka ya tsiro. Na aje gatari na tafi buron gandun daji. Mai gandun daji yaro ne a kaina, da kaki da hula. Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin amfanin gawo: yana gyara ƙasa, 'ya'yansa abincin dabba ne. Ni da awakina na ƙarshe suka rayu wata biyu a kan 'ya'yan gawo. Na bar shi ya gama.

"Mushe," na ce, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, "katanga fa?"

"Baba, ka kewaye shi. Ka turo ta waje kaɗan."

Na tafi wurin mai awo. Ya ce in na turo ta waje na ci titi, a rushe. In na janye ciki na ɓata layi, a rushe.

"To mi za ni yi?"

"Ka sare shi mana."

"An ce kaso."

"Wannan ba burona ba ne."

Tsakanin buron nan biyu bai fi jifa da dutse ba. Na yi damina guda ina sintiri a tsakani. Ba wanda ya yarda ya taka zuwa wurin ɗan'uwansa, kowa ya ce shi ne babba. Tubalin da na buga ruwa ya narkar da rabi. Matata ta ce, "Maigida, ka ɗauki jakin ma aiki a buro, ya fi ka sanin hanyar."

Da rani ya raba, na ga fili zai tafi. Sai na yi ƙarya, ban kuma tuba ba. Na ce wa mai gandun daji mai awo zai turo masu gatari ranar Laraba da hantsi. Na ce wa mai awo mai gandun daji zai tumɓuke turakunsa ranar Laraba da hantsi. Duka biyun suka zo kafin lokaci, ɗaya a keke, ɗaya a mota.

Suka yi ta faɗa da Faransanci a inuwar gawon. Mahauci ya kawo tabarma ya zauna kallo. Da azahar ta yi kusa suka gaji. Babu wanda ya sauka daga kan maganarsa, sai kowa ya rubuta tasa. Mai awo ya rubuta cewa itacen yana cikin titi, bai shafi layina ba. Mai gandun daji ya rubuta cewa yana cikin filina, amana a hannuna. Kowa ya buga hatimi ya miƙo mini, ya ce kada in nuna wa wancan.

Na ja katanga daga gabas har ta dafa gawo, na tsallake, na ci gaba daga yamma. Matata ta ɗaura wa takardar mai awo jan zare, ta gandun daji baƙi, don kada in rikita.

Bayan damina ta biyu aka zo duba filaye. Mutum uku ne da babban littafi, da gardi mai kaki na tsaronsu a baya. Na ga an soke sunan mutum biyu a layinmu kafin su iso ni. Babban masu dubawar ya tsaya yana kallon gawo a tsakiyar katanga.

"Wanga fa?"

"Da takarda, ranka ya daɗe."

Na sa hannu a aljihu. Zufa ta jiƙa zaren, ja da baƙi duk sun koma abu guda. Na zaro wadda ta zo na miƙa. Har yau ban san wacce ce ba.

Ya juya ta, ya nemo hatimi, ya kai kusa da ido. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya mayar mini, ya ce wa mai littafi ya rubuta an kewaye. Suka wuce gidan mahauci, wanda katangarsa miƙaƙƙiya ce kamar sanda, amma ba shi da takardar da ta ce haka. Can suka daɗe.