Mai Ƙibar Muka Ɗauka

Shekarar da aka ce motar masu zuwa Libiya ta ɓata a hamada, ɗana bai fara zama ba. Mijina yana cikin waɗanda ake lissafawa. Dangin nasa suna wani ƙauye kusa da Geskeru, bakin kogin Komadugu, inda suke noman tattasai, sau biyu suna aiko mini Difa cewa lokaci ya yi da zan shiga takaba. Ni kuwa ko zanen takabar na kasa taɓawa.

Sai wani direba ya kawo mini faifan sede, ya ce mijina ne a ciki.

Maƙwabciyarmu wata Kirista ce daga wajen Maraɗi, ma'aikaciyar biro, wato ofis, Madam muke ce mata. Kwamfuta biyu gare ta na ɗauka a jaka. Ɗaya siririya, ta aro daga wurin aiki, tana jimawa ba kuran, wato wutar lantarki. Ɗayar tata ce, mai ƙiba, nauyinta kamar na dutsen niƙa, ga huci ta gefe.

Muka fara gwada faifan a siririyar, don ƙauyen da za mu kai shi ba wuta. Mijina ya fito, gabana ya faɗi. Amma bakinsa sai ya tsaya a buɗe, muryar ta wuce ta bar shi, sannan ya zabura.

Madam ta ce, "Ƙanwata, wannan ba ta da ƙarfin jan hoto mai motsi. In tsofaffinku suka ga haka, cewa za su yi tsohon hoto aka liƙa wa murya."

A mai ƙibar kuwa ga shi nan sak, har da yadda yake sosa kunne in zai yi magana.

Na ce, "To ita wannan ina aibinta?"

"Ci gare ta. Kafin shayi ya nuna ta shanye batir."

Mai ƙibar muka ɗauka. A kanta Madam ta ɗora ta daga inda mota ta sauke mu, ni ina goye da yaro, ina ta tambayarta ko batir yana zuba a hanya. Ba ta yi mini dariya ba ko sau ɗaya.

Muna isa na ce ta kunna. Ta ce a'a. Ta san gaisuwar mutanenmu. Ta zauna a tabarma, jakar a rufe, aka tambayi gajiya, aka tambayi ruwan kogi, aka tambayi tattasai. Ta sa aka kira kawun mijina daga gona, aka matso da surukata gaba. Sai da kowa ya yi shiru ta buɗe.

Abin da ba mu zata ba, surukata ta shiga gaida ɗanta da Barbarci, tana jiran ya amsa. Muryarta ta danne tasa.

Madam ta tsayar da hoton, ta rage hasken gilashin, ta ce, "Inna, ki bari ya gama tasa, ɗan nesa shi ke fara magana."

Ta sake kunnawa. Mijina ya ce motar da ta ɓata ba tasu ba ce, shi yana aikin gini. Ya ce a shafa masa kan yaron. Yana cikin gaida kawunsa gilashin ya yi baƙi.

Kawun ya daɗe yana kallon kwamfutar. Sannan ya juyo ya ce da ni, "Ƴata, ba takaba, ki sa lallenki."

Surukata kuwa ta jawo jikanta, ta shafa masa kai.